Babi na Shida: Dokar da Ta Riga Mutanenta Isa

A ranar 14 ga Nuwamba 2006, majalisar dokokin Afirka ta Kudu, wadda ke zama a birnin Cape Town, ta amince da dokar da ta halatta aure tsakanin mutane masu jinsi ɗaya. 'Yan majalisa 230 suka goyi baya, 41 suka ƙi. Kafin watan ya ƙare dokar ta fara aiki, ƙasar ta zama ta biyar a duniya da ta yi haka, bayan Holan da Beljiyam da Sifen da Kanada, kuma ta farko a nahiyar Afirka. A farkon wannan shekarar, cikin watan Fabrairu, a unguwar Khayelitsha da ke wajen kilomita 30 daga ginin majalisar, wasu samari sun bi wata yarinya 'yar shekara 19 mai suna Zoliswa Nkonyana, suka jefe ta, suka caccaka mata wuƙa har ta mutu, 'yan taku kaɗan daga ƙofar gidansu, saboda ba ta ɓoye cewa ita 'yar maɗigo ba ce. Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan al'amura biyu ya bar ɗayan bai san ƙasar ba. Abin da nake so in nuna a wannan babi shi ne, Afirka ta Kudu ta yi daidai da ba ta jira zukatan jama'a su sauya ba kafin ta kare rayuka da mutuncin waɗannan mutane, amma kariyar da ta rubuta har yau tana bin hanyar da kuɗi da launin fata suka shata, tana isa wasu unguwanni da wuri, wasu kuma sai bayan an yi jana'iza.

Kafin a tambayi yadda aka yi ƙasar ta kai nan, sai a tuna irin gwamnatin da ta fito daga hannunta. Mulkin wariyar launin fata bai tsaya kan inda mutum zai zauna ko motar da zai hau ba, ya shiga har ɗakin kwana. Dokar 1949 ta hana aure tsakanin fari da wanda ba fari ba, dokar da'a ta 1957 kuma ta sa 'yan sanda leƙen tagogi don kama masoyan da launinsu ya bambanta. Luwaɗi kuwa laifi ne tun a dokokin da Turawan Holan suka zo da su. A watan Janairu 1966 'yan sanda suka kai samame wani gida a unguwar Forest Town ta Johannesburg, suka tarar da ɗaruruwan maza fararen fata suna biki, abin ya tayar da hankalin gwamnati har aka yi wa dokar da'a gyara a 1969, aka mayar da duk wani abu mai tayar da sha'awa tsakanin maza biyu laifi muddin akwai mutum na uku a wurin. A rundunar soja kuma, a shekarun 1970 da 1980, an riƙa kai samarin da ake zargi wani sashe na asibitin soja kusa da Pretoria, ana jona musu lantarki da sunan magani. Saboda haka a idon waɗanda suka yi gwagwarmaya da wannan mulki, gwamnatin da ke tsara wa baligai wanda za su so ba baƙuwa ba ce, sun san ta, sun ɗanɗana hannunta.

Duk da haka jam'iyyar ANC ba ta fara da wannan fahimta ba, kuma labarin Simon Nkoli ne ya fi nuna yadda ta zo gare ta. Nkoli ɗan Soweto ne, ɗan gwagwarmayar ɗalibai, aka kama shi a 1984 aka haɗa shi cikin mutum 22 da aka tuhuma da cin amanar ƙasa a shari'ar Delmas, tuhumar da kan iya kai mutum ga igiya. A gidan yari ya bayyana wa abokan tsarewarsa cewa shi ɗan luwaɗi ne. Wasu suka fusata, har aka yi maganar a raba shari'arsa da tasu don kada ya ɓata wa gwagwarmaya suna. Sun shafe lokaci suna muhawara a tsakaninsu, cikin kurkuku, su da ke jiran hukunci ɗaya, kuma a ƙarshe suka riƙe shi. Ɗaya daga cikinsu, Mosiuoa Lekota, shi ne daga baya, yana ministan tsaro, ya tashi a majalisa a 2006 ya kare dokar auren. Bayan an sallami Nkoli ya kafa ƙungiyar GLOW a 1988, kuma a ranar 13 ga Oktoba 1990 suka yi tattakin farko na 'yan luwaɗi da maɗigo a Johannesburg, na farko a duk nahiyar. Wasu daga cikin masu tattakin sun rufe kawunansu da jakunkunan takarda da aka huda wa ido, don kada iyaye ko masu gidan aiki su gane su a hotunan jarida. Shekara shida bayan haka, kundin tsarin mulki na 1996 ya jera, a sashe na 9, dalilan da ba za a nuna wa mutum bambanci a kansu ba, launi da jinsi da addini da harshe da sauransu, ya sa har da jinsin da mutum ke sha'awa. Babu kundin wata ƙasa da ya riga na Afirka ta Kudu faɗin wannan ƙarara.

Yawancin sauran aikin kotu ce ta yi, ɗaya bayan ɗaya. A 1998 Kotun Tsarin Mulki ta soke laifin luwaɗi. A 1999 ta ba abokin zama ɗan ƙasar waje haƙƙin izinin zama irin na miji ko mata. A 2002 ta ba irin waɗannan ma'aurata damar ɗaukar riƙon yaro tare, da kuma haƙƙin fansho na abokin zama. A 2003 majalisa ta yi dokar da ta ba masu sauya jinsi damar gyara takardunsu na shaida. Sai ranar 1 ga Disamba 2005, a ƙarar da wasu mata biyu, Marié Fourie da Cecelia Bonthuys, suka shigar, mai shari'a Albie Sachs ya rubuta hukuncin da ya ce hana su aure ya saɓa wa kundin, ya ba majalisa shekara guda ta gyara. Sachs mutum ne da jami'an tsaron wariyar launin fata suka dasa wa bam a mota a Maputo a 1988, ya rasa hannu ɗaya da ganin ido ɗaya.

Suka ta farko da ake yi wa wannan tafiya tana da nauyi, kuma ba na ganin a wuce ta da sauri. Masu ita suna cewa alƙalai goma sha ɗaya ne da shugabannin jam'iyya suka ɗora wa miliyoyin mutane abin da ba su nema ba, kuma da an yi ƙuri'ar raba-gardama da ba a ci ba. Akwai gaskiya a ciki. ANC ta umarci 'yan majalisarta su zaɓi dokar 2006 ko suna so ko ba sa so, kuma a zaman jin ra'ayin jama'a da aka yi a larduna, sarakunan gargajiya da limaman coci sun fi yawa a ɓangaren ƙi. Jacob Zuma kansa, mataimakin shugaban ANC a lokacin, a watan Satumba na wannan shekarar, ya kira auren jinsi abin kunya, kafin daga baya ya nemi afuwa. Wani bincike da gidauniyar Other Foundation ta fitar a 2016 tare da hukumar binciken zamantakewa ta ƙasar ya nuna kashi 72 cikin 100 na jama'a suna ganin saduwar jinsi ɗaya ba daidai ba ce a ɗabi'ance. Amma wannan binciken ya kuma nuna kashi 51 cikin 100 sun yarda cewa waɗannan mutane su sami haƙƙi irin na kowa. Ke nan akwai miliyoyin 'yan Afirka ta Kudu da ke ƙin aikin a zuciyarsu kuma ba su yarda a taɓa mai yin sa ba, kuma a kan wannan matsayi ne dokar take tsaye. Ban da haka, Kotun Tsarin Mulkin ce dai a 1995 ta soke hukuncin kisa alhali yawancin jama'a suna goyon bayansa, inda shugabanta Arthur Chaskalson ya bayyana cewa da ra'ayin mafi rinjaye ne zai yanke komai, da babu amfanin kafa kotun tsarin mulki. Ƙasar da tsiraru suka danne mafi rinjaye shekara da shekaru ta fito da tsoron cewa wata rana mafi rinjaye su ma za su iya danne tsiraru, shi ya sa ta cire wasu abubuwa daga hannun ƙuri'a tun farko.

Suka ta biyu ta addini ce, ita ce kuma za ta fi tsaya wa mai karatu Musulmi ko Kirista a rai. A nan ya kamata a duba da kyau abin da dokar ta nema da abin da ba ta nema ba. Ba ta ce wani malami ya sauya fatawarsa ba, ba ta ce wani fasto ya sauya wa'azinsa ba. Hukuncin Sachs ya faɗa a sarari cewa ba za a tilasta wa wani limamin addini ɗaura auren da ya saɓa wa aƙidarsa ba, kuma har yau masallaci ko cocin da bai nemi izinin ɗaura irin wannan aure ba babu mai ɗora masa. Cocin Anglican na yankin bai yarda da shi ba, duk da cewa tsohon shugabansa Desmond Tutu ya kasance cikin manyan masu kare 'yan luwaɗi, har 'yarsa Mpho ta ajiye lasisinta na limanci a 2016 bayan ta auri mace. Inda aka sami takun-saƙa na gaske shi ne ofisoshin gwamnati. Dokar 2006 ta ba ma'aikacin ma'aikatar harkokin cikin gida damar ƙin ɗaura auren jinsi saboda imaninsa, sai ya zama a ofisoshi da yawa, musamman na karkara, ba a samun ko mutum ɗaya da zai yi. A 2020 aka soke wannan dama. Wasu masu addini sun ga an taka su, kuma ƙorafinsu ba shirme ba ne, domin mutum ne ake cewa ya zaɓa tsakanin aikinsa da lamirinsa. Ni dai na fi karkata ga cewa wanda ke zaune a teburin gwamnati, yana cin albashi daga harajin kowa, da sunan ƙasa yake sa hannu, kuma da za a bar kowane ma'aikaci ya zaɓi wanda zai yi wa hidima bisa aƙidarsa, Musulmin Afirka ta Kudu, da ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'a ba, suna cikin waɗanda za su fara ji a jikinsu. Su kansu malaman ƙasar sun nuna sun san iyakar da ke tsakanin hukuncin addini da ɗaukar doka a hannu. Lokacin da 'yan bindiga suka tare motar Muhsin Hendricks, limamin da ya bayyana kansa ɗan luwaɗi tun 1996, suka harbe shi a kusa da birnin Gqeberha ranar 15 ga Fabrairu 2025, Majalisar Shari'ar Musulunci ta Cape Town, wadda ta daɗe tana adawa da koyarwarsa, ta fito ta la'anci kisan.

Suka ta uku, cewa duk abin nan kayan Turawa ne, ba ta da ƙarfin waɗancan biyun. Masana tarihi sun rubuta yadda a ma'adinan zinare na Witwatersrand, tun farkon ƙarni na 20, manyan leburori ke ɗaukar samari a matsayin mata, da kyaututtuka da ƙa'idoji sanannu, kuma harsunan ƙasar suna da tsofaffin sunaye na irin waɗannan mutane. Bahaushe ma ya san 'yan daudu ba jiya suka fara ba, ko da yake al'amarinsu ba ɗaya ba ne da wannan. Abin da tabbas jirgin ruwa ya kawo shi ne dokar da ke ɗaure mutum a kai.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar matsalar Afirka ta Kudu ita ce tazarar da ke tsakanin takarda da titi. A ranar 28 ga Afrilu 2008 aka tsinci gawar Eudy Simelane, 'yar wasan tsakiya ta ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta ƙasa, Banyana Banyana, a wani rafi a unguwarsu ta KwaThema, gabas da Johannesburg. An yi mata fyaɗe, an sassoke ta da wuƙa. Tana cikin matan farko da suka rayu a fili a matsayin 'yan maɗigo a unguwar. An ɗaure mutum biyu a 2009, amma kotu ba ta ɗauki maɗigonta a matsayin dalilin kisan ba. A 2011, a wannan unguwa dai, aka kashe Noxolo Nogwaza, uwar 'ya'ya biyu, ta irin wannan hanya. Masu irin wannan fyaɗe suna cewa gyara matan suke yi, su koya musu zama mata. Shari'ar waɗanda suka kashe Zoliswa Nkonyana kuwa an ɗage ta fiye da sau 40, wasu daga cikin waɗanda ake tuhuma har suka taɓa tserewa daga ɗakin ajiya na kotu, mata masu fafutuka suna tsayuwa a ƙofar kotun Khayelitsha kowane zama da alluna a hannu don kada a manta da fayil ɗin. Sai a watan Fabrairu 2012, shekara shida cif bayan kisan, aka yanke wa mutum huɗu ɗaurin shekara 18, kuma alƙaliyar ta faɗa cewa ƙiyayya ce ta sa suka kashe ta, ta kuma ƙara musu nauyin hukunci saboda haka. Idan aka jera sunayen waɗanda aka kashe ta wannan hanya, kusan dukkansu baƙaƙe ne, talakawa, mazauna unguwannin da mulkin wariya ya gina a bayan gari, masu tafiya a ƙasa da dare saboda ba su da mota, masu zagawa bayan gida na haɗaka a lungun da babu fitila.

Su kansu 'yan luwaɗi da maɗigon ƙasar wannan tazara ta raba su. A tattakin Johannesburg na Oktoba 2012, wanda a lokacin ya koma biki na kiɗa da tallan kamfanoni a unguwar masu hali ta Rosebank, wasu mata baƙaƙe 'yan ƙungiyar One in Nine suka shiga tsakiyar titi suka kwanta, tare da gumakan roba masu siffar gawa, suna neman a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da waɗanda aka kashe. Masu shirya bikin, galibinsu farare, suka ture su, aka riƙa yi musu ihun su tashi su ba da hanya. Hoton bidiyon ya zagaya ƙasar, kuma kwamitin da ke shirya tattakin ya rushe a shekarar da ta biyo baya.

Wannan rabuwa ita ce baƙo ke tararwa, ya danganta da ƙofar da ya shigo ta. Ɗan yawon buɗe ido da ya sauka a Cape Town da katin banki zai sami abin da aka yi masa talla. A unguwar De Waterkant da Green Point akwai otal-otal da wuraren cin abinci da ke maraba da shi a fili, ana bikin tattaki a birnin wajen ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, na Johannesburg kuma a Oktoba, kuma idan otal ya hana shi ɗaki saboda shi da abokinsa maza ne, akwai kotun daidaito da zai kai ƙara. Baƙi ma suna iya ɗaura aure a ƙasar, sai dai takardar ba ta bin su ko'ina. Dokar Najeriya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014, mai ɗaurin shekara 14, ta faɗa ƙarara cewa irin wannan takarda daga ƙasar waje ba ta da wani ƙarfi a Najeriya. Akwai kuma baƙo na biyu, wanda ya gudo daga Yuganda ko Zimbabuwe ko Kongo ko Najeriya da 'yar jaka ɗaya. Dokar 'yan gudun hijira ta 1998 ta amince cewa wanda ake tsananta wa saboda jinsin da yake sha'awa ya cancanci mafaka. Amma ofishin karɓar masu neman mafaka na Cape Town an rufe shi ga sababbin zuwa a 2012, kotuna suka yi ta ba da umarnin a buɗe, ba a buɗe shi sosai ba sai 2023. A tsawon waɗannan shekaru sai mutum ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Pretoria ko Durban ko Musina don neman takardarsa ko sabunta ta. Kuɗin hayarsa ba zai kai shi De Waterkant ba, sai unguwar talakawa, inda yake fuskantar ƙiyayya biyu, ta baƙunta da ta halinsa, a ƙasar da rikicin ƙin jinin baƙi na Mayu 2008 ya ci rayuka 62. Sau da yawa 'yan ƙasarsu da ya kamata su sauke shi su ne mutanen da yake ɓoye wa.

Daga nan wani zai ce ashe dokar ado ce kawai, tunda ba ta hana kisa ba. Ban yarda ba. Matan da suka tsaya a ƙofar kotun Khayelitsha shekara shida sun iya tsayawa ne saboda babu ɗan sandan da ke da ikon kama su a kan abin da suke. A ƙasar da dokar kanta ta mayar da mutum mai laifi, wanda aka yi wa fyaɗe ko ƙwace ba ya zuwa caji ofis, domin zai shiga a matsayin mai ƙara ya kwana a matsayin wanda ake tuhuma, kuma masu cin zarafi da masu karɓar kuɗin rufe baki sun san haka sarai. A Afirka ta Kudu ƙungiyoyi irin su Triangle Project suna da ofis da allo a ƙofa, suna bin shari'o'i, suna kai gwamnati ƙara suna kuma yin nasara. Da matsin lambarsu ne aka kai ga dokar laifukan ƙiyayya da Shugaba Cyril Ramaphosa ya sa wa hannu a Mayu 2024, wadda ta tanadi a riƙa tattara alƙaluman irin waɗannan laifuka, a kuma horar da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara su gane su.

Gibin da ya rage ba na 'yan luwaɗi da maɗigo kaɗai ba ne, kuma ba sabon sashe a kundin tsarin mulki ne zai cike shi ba. Kwamitin bincike da tsohuwar mai shari'a Kate O'Regan da lauya Vusi Pikoli suka jagoranta ya fitar da rahoto a 2014 kan aikin 'yan sanda a Khayelitsha, ya sami fayiloli da ke ɓata, da masu bincike da aka jibga wa shari'o'i fiye da ƙarfinsu, da jama'ar da suka daina yarda da caji ofis. A Disamba 2018 kotun daidaito ta yanke hukunci cewa tsarin da ake bi wajen rabon 'yan sanda a lardin Western Cape yana nuna bambanci ga baƙaƙe da talakawa, domin unguwannin da aka fi kisa su ne ke da ƙarancin jami'ai idan aka kwatanta da yawan mutanensu. 'Yar maɗigon da ke Khayelitsha tana buƙatar abin da maƙwabciyarta mai miji da 'ya'ya ke buƙata, wato fitilar titi mai aiki, da motar sintiri da za ta zo idan an kira, da mai binciken da zai kai fayil kotu ranar da aka sa, sai dai ita tana da ƙarin buƙata guda, cewa jami'in da ke kan kanta ya rubuta ƙararta ba tare da ya kira abokan aikinsa su zo su kalle ta ba.